Wayar da ta yi ta kuka a cikin kwando

Akwai wani shugaban sashe a wani kamfanin sabulu, wanda ma'aikata ke kira Sai-Ni a bayan idonsa. Shi ke kula da ɗakin haɗi, inda ake dama sabulu a manyan tukwane.

Shekara da shekaru yana wurin, amma ko mataimakinsa Dogo bai san yadda ake gane haɗi ya nuna ba. Da lokacin rage wuta da zuba turare ya yi, sai ya aiki kowa. Wannan ya je ɗauko safar hannu, wancan ya je duba famfon da lafiyarsa ƙalau. Kafin su dawo ya gama, yana goge hannu.

Sai dai jiki ya fara ƙi. Baya ya riƙe, ƙafafu sun kumbura da tsayuwa, idanu kullum ja saboda tururi. Rabonsa da hutu har ya manta.

"Baban yara," in ji matarsa tana shafa masa man zafi, "wai gadon kamfanin nan aka bar maka ne?"

"Ki ƙara haƙuri. Kujerar mataimakin manaja babu kowa a kanta. Ofis ne a sama, da sanyinsa. Ni ba girman nake so ba wallahi, zaman nake so."

Mutum ɗaya yake gani a gabansa wajen neman kujerar, shugabar sashen ɗaure kaya, wadda ake ce wa Anti Kwali. Ita kam sai ta ja kujera ta zauna, ta bar yaranta su yi kuskure, su kwance, su sake ɗaurewa tana kallo.

"Anti, albashin zama kike karɓa ne?" in ji Sai-Ni.

"Maigida, zaman ma da wuya. Gwada ka ji."

Ana nan sai kamfani ya ɗauko wata malama ta yi wa shugabannin sassa bita kan shugabanci. Aka ce Manaja da kansa zai zauna a ciki, kuma daga nan zai fitar da mai kujera.

Da safe Sai-Ni ya ɗora haɗi a babbar tukunya, ya tara yaransa.

"Ku saurara. Ina shiga, ku fara kirana. Dogo, kai ne na farko. Ko ba komai ku kira. Ku tambaye ni ko a kunna fanka. So nake Manaja ya san wa ke riƙe da kamfanin nan."

Dogo ya kalli tukunyar. "Maigida, to wannan fa, idan ta..."

"Ba ruwanka da ita. Kira kawai."

Da aka shiga, malamar ta zagaya da kwando. Ta ce kowa ya saka wayarsa, kada a kashe, kuma ba mai taɓawa sai an tashi.

Ko zama ba a gama ba wayar Sai-Ni ta ɗauki kuka. Ta yi shiru, ta sake. Malama tana bayani kan yadda ake raba aiki, kwando yana rawa a kan tebur. Shi kuwa sai girgiza kai yake, yana satar kallon Manaja.

"Yallaɓai, ka gani ko? Ko bayan gida ban isa in zaga ba."

Ya sunkuya wajen maƙwabciyarsa. "Anti, taki ta mutu ne, ko yaran sun manta da ke?"

"Aiki suke yi," ta ce, ta ci gaba da sauraro.

Da aka tashi, Manaja ya ce su biyun su tsaya. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Malam, ban ɓoye maka ba, kai na so in kai sama. Ka fi kowa daɗewa. Amma yau na ji da kunnena. Wuni ɗaya ɗakinka ya kasa yi ba tare da kai ba. Idan na ɗauke ka, wa zan bar wa tukwane?"

Sai-Ni ya buɗe baki. Idan ya ce shiri ne, ya zama mai yaudarar Manaja. Idan ya yi shiru, ya zama ya yarda. Sai ya rufe bakin.

"Anti," in ji Manaja, "wa zai riƙe sashenki?"

"Yallaɓai, zaɓi wanda ka ga dama. Duk sun iya."

Sai-Ni ya koma ɗakin haɗi. Tun daga ƙofa ya ji ƙauri. Sabulun ya ƙone, ya daskare a tukunya kamar siminti.

"Dogo! Me ya hana ka kira ni?"

"Maigida, na farkon ne kawai na fanka. Sauran duk na gaske ne."

Haka suka kai dare suna sassaƙar sabulu da kurfi. Anti ta wuce da kayanta za ta sama, ta leƙo ta ce sannu da aiki. Shi kuwa ya ci gaba da sassaƙa.

Washegari aka sake ɗora tukunya. Da haɗi ya kusa nuna, Dogo ya juya da kansa zai tafi duba famfo, don ya saba.

"Ina za ka?" in ji Sai-Ni. "Dawo. Riƙe muciyar nan, ka kalli yadda kumfar take kwanciya. Kira sauran su ma."

Ya kifa wani bokiti ya zauna a kai, ya miƙe ƙafafu. Ba ita ce kujerar da ya nema ba, amma ya zauna.

Darasi: Shugaban da ya ɓoye aiki don kada a iya sai da shi, kansa ya ɗaure a wurin, ba zai huta ba kuma ba zai hau ba. Koyar da na ƙasa da kai, ka bar su su gwada, ko da sun ɓata. Ku tura wa sauran jama'a, musamman maigidan nan naku mai aiken mutane duba famfo. Idan ya tambaya, ku ce hannu ne ya kuskure.