Kwana Huɗun Da Don Wense Ya Ƙi Jira

Akwai wani tsohon makaɗin jita a nan garinmu Iquitos, sunansa Wenceslao Shapiama, amma kowa Don Wense yake ce masa. A wurinmu Don kalmar girmamawa ce ga namiji, Doña kuma ga mace. A zamaninsa, idan ya taɓa waya, har masu sayar da kifi sai sun ajiye wuƙa sun taka rawa. Hannu kam Allah ya ba shi. Haƙuri ne bai samu ba. Ni mai aski ne, shekara talatin ina yi masa, kuma ban taɓa gamawa bai miƙe da sauran kumfa a kunne ba.

Yana da amini, Hildebrando Yumbato, wanda muke kira Don Hilde. Shi ne mai gangar ƙungiyarsu, kuma shi ne mai ɗaukar Gorda, domin ya fi kowa ƙarfi.

Gorda ita ce amfilifayar Don Wense, wato akwatin da ke ƙara wa jitarsa sauti. Tsohuwar ƙira ce, irin mai kwalaben gilashi a ciki, waɗanda ke yin ja idan sun ɗau zafi. Saboda nauyinta suka sa mata wannan suna, wato lukuta. Shekara goma sha takwas Don Hilde yana saɓa ta a kafaɗa, daga jirgin ruwa zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa gidan biki. Da ƙungiyar ta watse, aka tura ta ƙarƙashin gado. A can ta yi shekara ashirin da biyu, a unguwar da kogi ke shiga ɗakunan mutane duk damina.

Bana ciwo ya kwantar da Don Hilde. Asibiti suka sallamo shi, suka ce a kai shi gida ya huta. Kun dai san abin da hakan ke nufi.

Ranar Lahadi Don Wense ya je duba shi. Ya tarar da ƙaton nan ya koma ƙashi da fata, amma bakin yana nan.

"Wense, ina matar nan da ta karya min baya?" in ji Don Hilde.

"Wacce daga ciki?"

"Gorda nake nufi, tsohon banza. Ina so in ji muryarta sau ɗaya kafin in tafi. Ba a rediyo ba, ba a wayar jikokina ba. Ita kanta, a nan ɗakin."

Don Wense ya bugi ƙirji. "Gobe-goben nan za ka ji ta."

Washegari Litinin ya ɗora ta a babur mai ƙafa uku, ya kawo ta shagon Doña Eufemia Tapullima, wanda ke kallon shagona. A duk garin nan ita kaɗai ta rage mai taɓa irin waɗannan tsofaffin kaya. A wurin mahaifinta ta gaji sana'ar. Ta haura sittin, idonta ya yi rauni har tabarau biyu take ɗorawa, ɗaya kan ɗaya. Kullum cewa take ta gaji, bana za ta rufe shago, kuma kullum da safe sai ka ga ta buɗe.

Ta kwance bayan akwatin. Kyankyasai suka watse, warin laka ya cika shagon. Ta daɗe tana leƙawa, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Juma'a," ta ce.

"Juma'a? Haba Doña Eufe, yau fa Litinin!"

"Na san kwanaki, Don Wense. Cikinta jiƙe yake sharkaf. Kwana biyu za ta yi a cikin kwali da ƙwan lantarki a kunne, har ta bushe. Rana ta uku in canza 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta, duk sun mutu. Rana ta huɗu in fara ba ta wuta kaɗan-kaɗan, ta cikin ƙwan nan." Ta nuna wani ƙwan lantarki da ke kafe a jikin katako. "In ya yi haske fau, akwai matsala, sai in tsaya. In ya dushe, ta karɓa."

"Duk don a jona abu a soket?"

"Wanda ya daɗe yana jinya ba a fara masa da gasasshiyar ayaba da nama. Da romo ake farawa."

Nan fa ran maza ya ɓaci. Daga ƙofar shagona nake jin komai.

"Mutum yana can yana mutuwa, ke kina nan kina ƙirga min kwanaki! Da mahaifinki ne, rana ɗaya ya gama."

"Mahaifin nawa ne ya koya min kwana huɗun."

"Tsufa ne ya kama ki, kina neman abin fakewa. Na kunna wannan akwati a cikin ruwan sama, na kunna shi a kan kwale-kwale, tun ba ki san gabas ba. Rufe min kayana."

Doña Eufe ta jawo murfin akwatin. Ta gaji da gardama da makaɗa tun tuni. Ta mayar da murfin, ta ɗaure. Amma na ga lokacin da ta zare fiyus ta jefa a aljihun rigar aikinta. Dabararta ita ce, in ya je gida ya jona ya ji shiru, dole ya dawo, kuma Gorda ta tsira.

Kash! Ta manta da wanda take hulɗa da shi.

Don Wense ya isa gida, ya jona, ya ji tsit. Ya duba gurbin fiyus, ya ga wayam. Ya yi tsaki, ya ce wato wayo za a yi masa. Duk makaɗin da ya yi yawon ƙauyukan bakin kogi ya san abin da ake yi idan fiyus ya ƙone ana tsakiyar biki. Ya zaro takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ya murza ta, ya cusa a gurbin.

To, shi fiyus amfaninsa ke nan, ya ƙone don sauran kaya su tsira. Takardar sigari kuwa babu ruwanta.

Kwalaben suka fara ja. Akwatin ya soma gurnani. Don Wense ya washe baki, ya rungumi jita, ya kaɗa waya ɗaya. Sai fau! Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, har maƙwabciyarsa ta shigo a guje da bokitin ruwa.

Talata da safe ya dawo da Gorda, hularsa a hannu. Bai iya haɗa ido da Doña Eufe ba. Tun kafin ta buɗe ta shinshina, ta san abin da ya faru. Ta sa tsinke ta zaƙulo ƙonanniyar takardar, ta ajiye a kan tebur a gabansa.

"Laifina ne," ta ce. "Da na cire igiyar wutar gaba ɗaya."

Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Ta mutu?" ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

"Taransifomar wuta ta ƙone ƙurmus. Ba a yin irinta yanzu, kuma ba na da wata. Sai dai in warware ta da hannu, in sake naɗa sabuwar waya. Wayar ma sai an aiko daga Lima, babban birni, ta jirgin sama."

"Kwana nawa?"

"Tara. In idona ya yarda."

Don Wense ya zauna a kan benci.

Da yamma ya je gidan Don Hilde. Kunya ta hana shi faɗin gaskiya. Ya ce Gorda tana wurin mai gyara, an ce Juma'a za ta fito. Ƙarya ce, amma kwana huɗu da suka yi masa yawa jiya, yau da su ya fake.

Duk makon nan Doña Eufe ba ta karɓi aikin kowa ba. Ta zare ƙarafan taransifomar ɗaya bayan ɗaya, ta shiga warware ƙonanniyar waya, siririya kamar gashi, tana ƙirga kowane zagaye, tana ja layi a takarda duk ɗari. Idonta yana zubar da ruwa, ta goge ta ci gaba. Don Wense yana zaune a bencin tun safe. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: kada ya yi magana, don kada ƙirga ta ɓace mata. Ni dai ban taɓa zaton zan ga ranar da mutumin nan zai yi awa shida bakinsa a rufe ba.

Ranar Juma'a da sassafe Doña Otilia, matar Don Hilde, ta aiko a kira ni da kayan aski. Na tarar jikin ya ɗan yi sauƙi, har ya sha romon kifi.

"Gyara ni sosai," ya ce min. "Yau budurwata za ta zo."

Na yi masa aski, aka sa masa farar riga, aka fito da shi baranda a kan kujera, da sandunan gangarsa a cinya. Duk babur ɗin da ya shigo layin sai ya ɗaga kai. Ya zauna tun safe har ruwan la'asar ya sauko, sannan aka mayar da shi ɗaki. Ni na san gaskiya, kuma ban faɗa ba. Har yau abin yana cin raina.

Asabar Don Wense ya kasa jurewa. Ya je ya zauna a bakin gadon, ya faɗi komai, tun daga zagin da ya yi wa Doña Eufe har zuwa hayaƙin. Doña Otilia ce ta ba ni labarin yadda suka yi.

Don Hilde ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Takardar sigari? Har yanzu, Wense?"

"Ka yafe min, ɗan'uwana."

"Shekara nawa ina ƙirga maka ɗaya, biyu, uku, huɗu kafin mu fara? Ko sau ɗaya ba ka taɓa bari na kai huɗu ba. Kullum a uku kake faɗowa, mu bi ka a guje." Ya numfasa. "Yanzu yaushe aka ce?"

"Alhamis."

"Alhamis da nisa. Amma zan gwada."

Ya gwada ɗin, Allah ya sani. Lahadi da hantsi ya cika. Allah ya jiƙansa.

Bayan an binne shi, Don Wense ya zo shagon ya ce wa Doña Eufe ta bar aikin, ba shi da sauran amfani. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Kada ka ɓatar min da ƙirga," ta ce. "Na yi alkawarin Alhamis."

Ranar Alhamis ɗin ta haɗa komai, ta sa fiyus na gwaji, ta ba Gorda wuta ta cikin ƙwan nan nata. Ƙwan ya yi haske, sannan ya dushe a hankali. Ta cire tabarau biyun, ta murza ido. Ta sa hannu a aljihu, ta ciro fiyus ɗin da ta ɗauke tun ranar farko, ta mayar da shi gurbinsa.

Mu uku, ni da Don Wense da mai babur, muka kai Gorda gidan Don Hilde da rana. Ni da mai babur muka shigar da ita, muna nishi, ina mamakin yadda mutum ɗaya ya yi shekara goma sha takwas yana ɗaukarta. Muka ajiye ta kusa da gadon, wanda aka riga aka naɗe katifarsa.

Don Wense ya kunna. Ya tsaya har kwalaben suka yi ja, ba tare da kowa ya ce masa ya jira ba. Ya rataya jita, ya ɗora yatsu a kan waya. Sai ya tsaya cak, yana kallon kusurwar da mai ganga ya kamata ya zauna.

"Babu mai ƙirga min," ya ce.

Doña Otilia ta tashi, ta ɗauko sandunan mijinta daga kan tebur. Ta buga su da juna. Ɗaya. Biyu. Uku.

Don Wense bai motsa ba.

Ta buga na huɗu, sannan ya shigo.

Muryar Gorda tana nan yadda take, mai kauri, mai ɗumi, har maƙwabta suka taru a taga. Hawaye yana bin gemun tsohon, bai goge ba. Da ya gama, babu wanda ya tafa. Doña Otilia ta ajiye sandunan, ta ce, "Da Juma'ar can ce, da ya ji. Har farar riga ya sa."

Doña Eufe ta rufe shagonta a ƙarshen watan nan. Don Wense yana zuwa aski har yanzu, yana zama har in gama, in goge masa kunne. Wani lokaci ma sai na ce masa ya tashi.

Darasi: Sauri kan haifi nawa. Kwana huɗu aka ce masa ya jira, ya ga sun yi yawa, garajensa ya mayar da su tara, kuma wanda ake yi dominsa bai kai ba. Idan mai sana'a ya ce maka ka dakata, kada ka ɗauka raini ne ko lalaci, ya ga abin da ba ka gani ba. Kayan da ya ƙone ana iya gyara shi, amma ranar da ta wuce ba ta dawowa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba ya bari a kai huɗu.