Ranar da Jatau Ya Kwance Kariyar Kekensa

Dalilin da ya sa keken tsere yake siriri kamar an matse shi a ƙofa, mahayinsa kuma yake kife da kai, shi kuke tambayata? To ku matso, amma kada wanda ya taɓa mini wannan tayar, gam ɗin bai bushe ba. Kun ga keke a talabijin kuna ta tsalle wai ya yi kyau. Ni da na tsufa a gyaran keke, duk na gan shi raina ɓaci yake yi.

A da can, Iska tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya. Sai ta tsaya a bakin hanya, in mai keke ya zo ta ce, "Ɗan nan, rage mini hanya." Ya tsaya, ta hau kariya, wato ƙarfen nan na baya da ake ɗaura kaya. Ba ta da nauyin komai, kuma tana zama sai ta dafa bayansa tana turawa. A lokacin ba wanda ya san haki a kan keke, har hawan tudu da waƙa ake yin sa.

Akwai wani saurayi, Jatau, wanda ya fi kowa gudu a garinsu, ya kuma fi kowa sanin haka. Ana shirin tseren samari na bayan kaka, sai ya zauna yana hararar kekensa, ya ce wannan kariyar ce ke rage masa gudu. Ya ɗauko sifana ya kwance ta ya jefa bayan rumbu.

Uwarsa, Inna Kande, ta gani ta ce, "Jatau, Iya Iska fa? A ina za ta zauna?"

Ya ce, "Inna, ni ba motar haya ba ne."

Ta ce, "Gobe sunan ɗan yayarka. Gerona yana masussuka, an sussuka, shiƙa kawai ya rage, kuma ba a shiƙa sai da Iska. In ka gan ta ka kawo mini ita, ka ji?"

Ya ce to, irin to ɗin nan da kuke yi wa iyayenku kuna kallon wani wuri.

A hanyar filin tsere kuwa sai ga tsohuwa tana ɗaga hannu. Ta ce, "Jatau na Kande, uwarka ke jirana, kai ni masussuka."

Ko birki bai taɓa ba. Ya nuna mata bayan keken da ɗan yatsa, ya ce, "Babu wuri, Iya!" Ya wuce. Tsohuwar da ta tura shi tun yana koyon feda da ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin ƙarfe! Wallahi da ɗana ne da sai ya ji a jikinsa.

Inna Kande ta yini a masussuka tana ɗaga faifai, gero da ƙaiƙayi suna zubowa wuri guda. Washegari baƙi suka cika gida, aka kawo musu tuwo mai kartar maƙogwaro. Mata suka riƙa tofarwa a gefen zane suna kallon juna. Inna Kande ta shige ɗaki ta yi kuka, ta jefar da faifan a tsakar gida ta ce ba ta ƙara taɓa shi.

Iya Iska ta ji labari. Da Jatau ya sake fitowa, sai ya tarar da ita tsaye a tsakiyar hanya, ta buɗe hannuwa.

Ya ce, "Iya, matsa mana."

Ta ce, "Ka ce babu wuri a bayanka. To na samu a gabanka. Ranar da ka mayar da kariya ka ba uwarka haƙuri, ranar zan koma baya."

Kun ji fa, noti huɗu na ɗaura kariya da kalma ɗaya ta ban haƙuri. Amma mai taurin kai sai ya taka feda ya ce zai ratsa ta. Ta cika masa riga ta ja shi baya. Ya je ya ɗinka wata matsattsiya, abin kunya, kamar fatar da aka jiƙa. Ta fizge masa hula, ya ƙero hular kwano mai doguwar wutsiya ya kife a kai. Ta kama ƙararrawa, ya cire. Ta kama fitila da madigadi mai tare laka, ya cire. Har ƙafar da keke ke tsayuwa a kanta ya cire, ya daddake ƙarafan suka zama fale-fale. Ta daki ƙirjinsa, sai ya harhaɗa hannuwan keken wuri guda ya miƙa su gaba, ya kwanta a kansu ya sunkuyar da kai. Duk wanda ya hango shi sai ya ɗauka gafara ya zo nema, alhali hanyar sulalewa yake nema.

Da ta rasa abin kamawa sai ta zura yatsu cikin wayoyin tayar baya. Nan ne ya yi abin da ya fi ƙona mini rai. Ya koma gida, ya tsinci faifan nan da uwarsa ta jefar, ya rufe tayar da shi.

Abokansa suka ga duk wanda ya jera da shi Iska na haɗawa da shi ta tare, suka ce, "Jatau, yi tserenka kai kaɗai." Ya rasa abokin kara sai agogo.

Shi ya sa har yau, in kun lura, masu irin kekensa ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, ba mai goya kowa, ba ƙararrawar gaisuwa, kuma sai wani ya riƙe musu sirdi kafin su tashi, don keken ba ya iya tsayuwa da kansa. Tsohuwa kuma tana nan a gabansu, ba ta matsa ba. In ɗaya ya zo wucewa ku kasa kunne ga tayar baya, za ku ji tana wuu, wuu. Faifan Inna Kande ne yake kiran Iska ta zo a yi shiƙa, shi kuwa Jatau har yanzu bai tsaya ba.