Kofin Mushe Attahir da Gonar Inna Kaltumi

Kun taɓa ganin mutum ya ci nasara, amma har ya tsufa bai iya yin hirarta ba? Ku biyo ni ku ji labarin nan.

Akwai wani matashi a Tawa mai suna Attahir, a shekarun farin nan na zamanin mulkin soja. Ya dawo daga karatun wasanni a Yamai, kai cike da dabaru, sai samarin unguwa suka damƙa masa ƙungiyarsu ta ƙwallo, Tauraron Gabas. Ƙungiya ce da ta saba da shan kashi, har yara na yi mata waƙa.

Mushe Attahir, wato Malam Attahir a Faransancin samarin, bai ɓata lokaci ba. Ya lura 'yan wasansa ba ragwaye ba ne, yunwa ce ke karya su. Ya daina horon rana tsaka, ya mai da shi bayan asuba. Ya roƙi 'yan kasuwa suka riƙa ba da gero ana dama musu kunu. Sannan ya ɗauko Yunusu, wani dogon saurayi ɗan garin Barmu da fari ya koro birni yana dako, ya tsayar da shi mai tsaron gida.

Kafin rani ya fita, ƙungiyar da ake yi wa dariya ta kai wasan ƙarshe na gasar cin kofi. Tun daga nan Mushe ya daina jin maganar kowa.

Yunusu kuwa hankalinsa na gida. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Inna Kaltumi ita kaɗai ta rage da gona. Duk tsananin yunwa ba ta taɓa irin geron da ta rufe cikin tulu ba. Ganyen daji take dafawa, tana jiran ruwan shuka.

Ranar Juma'a ruwa ya sauka, mai yawa. Wasan ƙarshe kuwa Lahadi ne.

Duk ɗan Ader, wato yankin su Tawa da Barmu, ya san abin da ke biyo baya. Ruwan farko in ya sauka, kasuwa na watsewa, kowa ya nufi gona tun ƙasa na da danshi. Namiji na gaba yana sara da sungumi, mace na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Aikin mutum biyu ne.

Yunusu ya zo da ƙunshin kayansa. "Mushe, ka yi mini aikin gahwara. Zan tahi shuka."

Attahir ya yi dariya. "Kai da ka fara suna a Tawa, sungumi ka ke tunani? Damina yanzu ta fara, wani ruwan na tahe."

"Mushe, bara ma haka munka ce."

"In ka taka motar Barmu, kada ka sake tako hilina. Kunun da ka sha duk rani, na shuka ne?"

Maganar kunun ce ta kashe wa Yunusu jiki. Ya ajiye ƙunshinsa.

Ranar Lahadi ya kama ƙwallaye kamar mai hannu huɗu. Suka ci kofi, aka zaga gari da su ana kiɗa. Da Yunusu ya isa Barmu washegari, iska ta busar da ƙasa. Inna ta shuka ɗan gefen da ƙarfinta ya kai, sauran gonar na nan fili.

Aka jira wani ruwan. Sama ta yi shiru har lokacin shuka ya wuce. Maƙwabtan da suka kama danshin farko sun samu 'yan dammuna kaɗan. Gidan Inna kuwa, a ƙarshe irin nan na tulu aka daka aka sha.

Yunusu ya hau babbar mota zuwa Abijan neman abin kai wa baki. Sauran 'yan wasa ma suka bi hanya ɗaya bayan ɗaya, ƙungiya ta mutu.

Da kaka Attahir ya ɗauki kofin ya tafi Barmu, wai ko ganinsa zai sanyaya wa tsohuwa rai. Ya tarar da ita zaune jikin rumbun da babu komai ciki.

"Inna, ga abin da ɗanki ya ciyo muna."

Ta karɓa, ta juya shi, ta leƙa ciki.

"Yana da kyau, ɗana. Hatsi nawa shi ka ci?"

Ta miƙa masa abinsa. Ya karɓa, ya bar garin.

Darasi: Gyara abin da ya lalace cikin sauri baiwa ce, amma shugaban da bai san abin da mutanensa suka baro a gida ba, da rayuwarsu yake sayen sunansa. Alherin da ka yi wa mutum kada ka mai da shi igiyar ɗaure shi. Ana sake buga wasa baɗi, ruwan shuka kuwa ba ya jiran kowa. In kana da mutane a ƙarƙashinka, yau ka tambayi ɗaya abin da ke damunsa, sannan ka tura labarin nan ga wani shugaba da ka sani.