Jinin Tsoho Ozur da Zuma

Ya 'yan uwa, a nan gaɓar tekunmu ta ƙasar Aislan an taɓa yin wani makiyayi da son waƙa ya hana shi sakat. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa na zaune a cikinku.

Kun san tatsuniyar kakanninmu. Wai an kashe wani mai hikima, aka gauraya jininsa da zuma, aka yi giyar da duk wanda ya sha zai zama mawaƙi. Gunkinsu mai ido ɗaya ya sace ta a siffar gaggafa, 'yar kaɗan ta zube masa ta baya, ita ce rabon mawaƙan banza.

A taron bazara mutuminmu ya rera baiti. Tsoho Ozur, babban mawaƙin yankin, ya yi dariya ya ce, "Kai ɗana, ta bayan gaggafa ka sha! Koma wajen tumakinka, su ma haƙuri suke yi da kai."

Maganar ta ci masa rai. Ya ba 'yan jirgin ruwan ƙasar Norwe raguna biyu, suka ba shi zuma. Kwana tara yana laɓe bayan gidan Ozur, har ya same shi shi kaɗai. Ya kashe shi, ya tari jinin a ƙaho, ya gauraya da zumar, ya sha. Dokarmu ta ce wanda ya yi kisa ya sanar kafin ya wuce gida na uku. Shi kuwa ya rufe gawar da duwatsu, bai sanar da kowa ba.

Shekara ta zagayo, ya miƙe a taro ya rera waƙa mai daɗi, har maza suka yi tsit. Sai Yorun, 'yar marigayin, ta tashi tsaye. Ta ce, "Wannan waƙar babana ce. Ni kaɗai yake rera wa a bayan gidanmu. A ina ka ji ta?"

Jinin ne ya yi magana, ko abin da kunnensa ya kwasa a laɓe? Na daɗe ina tambayar kaina, ban sani ba. Shi kansa ya rantse tasa ce.

Nan jama'a suka gane shi ya kashe Ozur. Aka yanke masa hukuncin kora: ba mai ba shi abinci, ba masauki, ba jirgi. Da ƙanƙara ta narke, aka tsinci gawarsa a kogo.

Ya 'yan uwa, baiwa ta Allah ce, ba a ƙwace ta daga jikin wani. Ina tausayinsa, domin tumakinsa sun fi na kowa kyau, bai taɓa gode wa Allah a kansu ba.

Allah ya kiyaye mu da kwaɗayin rabon da ba namu ba. Amin.