Tuwon Hannu Ɗaya

Akwai wata mata a Ƙofar Marusa mai suna Zulaihat, wadda unguwa ta shaida iya tuwonta. Hawan jini ya kayar da ita, ta tashi hannunta na dama ya shanye.

Mijinta, Malam Sada, mai walda ne. Saboda tausayi ya hana ta kusantar murhu. Maƙwabta ke aiko da abinci, ita kuwa tana zaune a tabarma tana kallon tukwanenta a kife. Kowa ya shigo sai "sannu". Ta daina hira, har abincin ma ta rage ci.

Wata rana Malam Sada ya dawo daga shago ya tarar tukunya ta kife, talge ya ƙona mata ƙafa. Ta gwada tuƙi da hagu, tukunyar ta zame don babu mai riƙewa.

"Haba Zulai! Mi kika rasa a gidan nan?"

"Ban rasa komai ba, Malam," ta ce tana hawaye. "Amma ko ruwan zafi sai na jira wani."

Ya je ya ƙera ƙaton murhu mai zoben ƙarfe da zai kama tukunya, bai tambaye ta ba. Murhun ya yi mata tsawo. Ya rage, zoben ya matse har ta kasa sauke tukunyar. Ta ce, "Bar shi, kada ka wahala a banza."

Sai ya ɗaure hannunsa na dama da ɗankwalinta, ya zauna kan kujerarta, ya ɗauki muciya. Nan da nan gumi ya rufe shi.

"Gaya mini inda na kuskure," ya ce.

Ta nuna masa. Ya sa mariƙin da za ta take da ƙafa ya saki tukunya, ya naɗa wa muciya roba don kada ta suɓuce.

Hannun bai dawo ba har yau. Tuwon farko ma duk gudaji ne. Malam Sada ya cinye, ya miƙa kwano yana cewa ya yi daɗi.

"Ƙarya kake, bai yi daɗi ba," ta ce.

"To ƙaro mini ƙaryar."

Darasi: Tausayin da ke ƙwace wa mutum aikin hannunsa wata cuta ce. Kafin ka taimaki mai lalura, tambaye shi abin da yake buƙata. Ku tura wa duk mai jinya a gida.