Shayin da Aka Ba Baba a Ɓoye

Akwai wata mata, tela ce, ita ce babba a gidansu, kowa Yaya yake ce mata. Tana da kirki da tausayi, aibinta ɗaya ne: ba ta son a ce ta yi laifi. Gara ta haɗiye gaskiya da a yi mata faɗa a gaban ƙannenta.

Mahaifinsu ya yi ciwo mai tsanani, aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, inda inji ke taya mutum numfashi. Da ya samu sauƙi aka cire masa bututun maƙogwaro, aka ce kada a ba shi komai ta baki tukuna.

Baba kuwa mutum ne mai son shayi. Da Yaya ta shigo dubiya ya kama hannunta.

"Uwata, ko kurɓi ɗaya. Mutanen nan so suke na bushe kamar kifi."

"Kai Baba, za ka ja mini."

"Wa zai gani? Ja labulen mana."

Ta ja labule, ta zuba masa a murfin filas. Yana kurɓa ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya kawo ruwa. Ta goge masa baki da mayafinta, ta ɓoye filas.

Washegari nas ta zo tantance waɗanda za a mayar babban ɗakin marasa lafiya. Ta auna numfashinsa da jininsa, ta ba shi ruwa a cokali, ya wuce lafiya. Sai ta juyo.

"Yaya, ke kike zama da shi. Kin taɓa ganin ya ƙware, ko da yawu ne? In akwai ki faɗa, sai mu riƙe shi mu ƙara dubawa."

Ƙannenta na tsaye a bakin ƙofa. Baba ya ƙifta mata ido.

"Ko sau ɗaya, Sista," in ji ta.

Aka mayar da shi, aka fara ba shi abinci. Ashe maƙogwaron bai gama ƙwari ba, abinci na zamewa cikin huhu. Zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya fara sarƙewa, aka gangara da gadonsa da gudu zuwa ɗakin da ya baro.

A nan Yaya ta tari likita tana kuka, ta faɗi komai. Likitan ya ce, "Da a ranar kika faɗa, da ta bututun hanci za mu ci gaba da ciyar da shi har ya warware."

Baba bai sake fitowa da rai ba. Babu wanda ya ɗaga wa Yaya murya, ko likita ko ƙannenta. Ita kuwa ta so a ce wani ya yi.

Don Allah 'yan'uwa masu jinya, tambayoyin da ake yi kafin a fitar da mara lafiya daga ɗakin nan ba na neman mai laifi ba ne. So ake a gano wanda zai iya komawa, a riƙe shi tun da wuri. Abin da idonku ya gani ku faɗa, ko da zai tona muku asiri. Faɗan nas yana wucewa, rashin uba ba ya wucewa.