Audugar Ƙarya a Dantsen Don Fortunato

Jama'ar wannan shafi, ku matso kusa. Akwai wani direban babbar mota a garin Huancayo, Don Fortunato, ƙato mai gashin baki, wanda duk duniya ba abin da yake tsoro sai allura. Shi aka zaɓa ya yanke gashin farko na jikarsa Nélida a bikin askinta, kuma ya cika unguwa da zancen.

Kafin bikin za su je Tumbes, bakin teku, shi da matarsa Zoila da ƙaninta Melquiades. Zoila ta ce ba mai shiga mota sai an yi masa rigakafin ciwon hanta.

Melquiades ya dawo daga asibiti yana share ƙwalla. Fortunato ya kwashe da dariya.

"Kai suruki, ƙato da kai? A kawo maka bulumboti ne?"

Da nasa layin ya zo a asibitin, ya hango allurar, sai ya zame ta ƙofar baya. Ya sayi auduga da filasta a kemis, ya manna a dantsensa na dama, ya shigo gida yana yatsina.

A Tumbes kuwa, ɗanyen kifi da ruwan da ake sayarwa a kan titi ba wanda Fortunato ya bari.

Ana gab da biki, idonsa ya koma kamar ƙwaiduwa. Likita ta ce ciwon hanta ne, kuma yana yaɗuwa.

"Likita, an yi masa fa!" in ji Zoila. "Da idona na ga audugar."

"A wane hannu, Baba?" in ji likita.

Fortunato ya dafa hagu.

Zoila ta kalle shi. "Tsoho, ni ka sa na riƙa gasa maka hannun dama da ruwan zafi?"

Ya sunkuyar da kai, gashin bakin nan ya yi laushi.

Ranar biki an killace shi a ɗaki, an hana shi taɓa yarinyar. Ta taga ya leƙo, ya ga almakashi a hannun Melquiades, Nélida kuma tana waige tana kiran kakanta.

Da yamma Melquiades ya turo masa ƙunshi ta ƙarƙashin ƙofa. Ba gashin jika ba ne. Auduga ce, da filasta.

Darasi: Zafin allura yanzu-yanzu ne zai wuce, kunyar ƙarya kuwa zama take yi. Kafin tafiya a yi rigakafi na gaske. Ku tura wa duk ƙaton da kuka san yana gudun allura.